Kiɗan da Ba Shi da Baki: Abin da Ya Hana Kiɗan Na'ura Ture Hip-hop da Rok a Amurka

Wata rana da yamma ina zaune a shagon wani abokina mai cajin waya da tura waƙoƙi, sai na kunna masa wani tsohon kiɗan tekno na birnin Detroit da nake ƙauna, irin wanda na'ura ce ke buga shi daga farko har ƙarshe babu muryar mutum a ciki. Akwai wani dattijo a gefen benci yana jiran wayarsa ta cika. Ya yi shiru yana saurare har kusan minti uku, yana ɗan kaɗa ƙafa, sannan ya dube ni ya ce, "Wai ɗana, yaushe za a fara waƙar?" Na ce, "Baba, ai ita ke nan." Ya girgiza kai, ya ce Allah ya kyauta, ya karɓi wayarsa ya kama gabansa. Mun yi dariya a lokacin, amma daga baya na gane cewa tambayar dattijon nan ita ce tambayar da masu gidajen rediyo da kamfanonin faifai da miliyoyin masu saurare a Amurka suka yi ta jefa wa wannan kiɗa tsawon shekaru fiye da talatin.

Abin da ke ɗaure kai a lamarin shi ne cewa kiɗan rawa na na'ura ɗan gida ne a Amurka. Manyan rassansa biyu, wato haus da tekno, a Chicago da Detroit aka haife su, a hannun matasa baƙaƙen fata, a daidai zamanin da hip-hop ke tasowa a New York, kuma sau da yawa da irin na'urori guda. Duk da haka, a shekarar 2017 ƙididdigar kamfanin Nielsen ta nuna cewa hip-hop tare da ɗan'uwansa R&B sun ture rok daga matsayi na farko, inda suka kwashi kusan kashi ɗaya cikin huɗu na duk abin da Amurkawa ke saurare, alhali kiɗan na'ura bai kai ko kashi 5 cikin 100 ba. Ra'ayina shi ne abubuwa biyu ne suka haɗu suka jawo haka: babbar kasuwa fuska da baki take sayarwa, shi kuwa wannan kiɗa an gina shi ne don ya ɓoye mai yinsa, sannan wurin da yake rayuwa, wato zauren rawa na dare, Amurka ta yi ta datse ƙofarsa da doka da ƙyama.

Bahaushe zai fi saurin fahimtar dalili na farko, domin harshenmu ya raba kiɗa da waƙa tun asali, bai haɗe su a kalma ɗaya ba. Muna kiran Mamman Shata ko Musa Ɗanƙwairo makaɗa, amma abin da ya zauna a kawunan mutane shi ne abin da bakinsu ya furta: wanda suka yaba, wanda suka yi wa zambo, da habaicin da ake maimaitawa a majalisa har gobe. Mutum nawa ne cikin masu ƙaunar Shata za su iya lissafo sunayen masu kalangun da suka yi shekaru a bayansa, duk da cewa idan aka cire kalangun nan waƙar ta rasa ƙashin bayanta? Haka abin yake a gidan biki na yau. DJ zai iya sakin kiɗa mai zafi 'yan mata su shiga fili, amma ba a fara liƙi da gaske sai an ji an ambaci sunan amarya da na uwarta da na ƙawayenta. Kuɗi suna bin suna, suna kuwa a baki yake fitowa. Amurkawa ba su bambanta da mu ba a wannan fanni kamar yadda ake zato.

Sai dai kafin a zo ga haka, akwai wani dare da ya kamata a tsaya a kansa. A ƙarshen shekarun 1970 kiɗan disko ya mamaye Amurka, har gidajen rediyo da dama suka watsar da rok suka koma gare shi. Ɗaya daga cikin waɗanda wannan sauyi ya raba da aikinsu shi ne wani mai gabatar da shirye-shirye a Chicago mai suna Steve Dahl, wanda ya koma wata tashar ya ɗauki yaƙi da disko a matsayin sana'a. Ranar 12 ga Yuli, 1979, aka shirya da shi cewa duk wanda ya zo filin wasan besbol na Comiskey Park da faifan disko zai shiga a kan santi 98 kacal, kuma a tsakanin wasanni biyu da ƙungiyar White Sox za ta buga da Detroit Tigers za a tara fayafayan a tarwatsa su da nakiya. Mutane wajen dubu hamsin suka cika filin. Da aka tashi nakiyar sai dubban matasa, galibinsu fararen fata, suka kwararo cikin fili suna ƙone-ƙone da farfasa kaya, har sai da 'yan sandan kwantar da tarzoma suka shigo, wasa na biyu kuma bai yiwu ba. Wani yaro baƙar fata da ke aikin nuna wa 'yan kallo kujeru a wannan dare, Vince Lawrence, ya sha ba da labarin yadda ya lura cewa fayafayan da ake miƙowa a ƙofa da yawansu ba na disko ba ne, na mawaƙa baƙaƙen fata ne kawai. Shi Dahl ya daɗe yana musanta cewa akwai wariyar launi a zuciyarsa, kuma ba ni da hurumin shiga zuciyar mutum, amma abin da aka ƙona a filin ya fi ƙarfin kiɗa. Disko kiɗa ne da ya fito daga gidajen rawar baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka da masu neman jinsinsu, kuma saƙon da taron ya aika shi ne cewa namiji farar fata mai ji da kansa ba ya rawa da irin wannan.

Cikin 'yan watanni kalmar disko ta zama abin kunya, kamfanoni suka rufe sassan da ke kula da shi, tashoshi suka juya masa baya. Kiɗan bai mutu ba, ƙasa ya nutsa. A cikin birnin Chicago ɗin nan akwai wani gidan rawa mai suna Warehouse inda Frankie Knuckles, ɗan unguwar Bronx ta New York, yake saka fayafayai tun 1977, kuma da sababbin fayafayan disko suka daina fitowa sai ya koma yanka tsofaffi a kan tef yana sake jera su, daga baya kuma ana ɗora musu bugun na'urar ganga. Daga sunan wannan gida aka samo sunan haus. Yaron nan mai nuna kujeru, Vince Lawrence, yana cikin waɗanda suka haɗa faifan da ake ɗauka na farko a wannan salo a 1984 tare da Jesse Saunders. A Detroit kuwa, birnin da masana'antun mota suke rufewa ɗaya bayan ɗaya, wasu samari uku da suka yi makaranta tare a garin Belleville, wato Juan Atkins da Derrick May da Kevin Saunderson, suka haɗa sautin ƙungiyar Kraftwerk ta Jamus da kiɗan fonk na gida suka fitar da tekno. Kayan aikinsu na'urorin kamfanin Roland na Japan ne, irin su TR-808 da TR-909 da TB-303, waɗanda ba su yi kasuwa ba da farko saboda sautinsu bai yi kama da na ganga ko jita ta gaskiya ba, don haka ake samun su da araha a shagunan kayan gwanjo. Wato tun ranar suna an haifi wannan kiɗa da tabon uwarsa a goshi.

Yanzu a duba yadda ake ƙera shi. Faifan haus ko tekno ba a yi shi don a saurara shi kaɗai ba. Kayan aiki ne na DJ, kamar yadda bulo yake kayan aikin magini. Yakan kai minti bakwai ko takwas, farkonsa bugun ganga ne zalla na minti ɗaya ko fiye, ƙarshensa ma haka, domin DJ ya samu inda zai jona shi da na gabansa. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai wannan sana'a zai ga yadda yake maƙale abin saurare a kunne ɗaya, hannunsa na kan faifai na biyu yana ɗan rage masa gudu ko ƙara masa har bugun biyun su hau kan juna, wajen bugu 120 zuwa 130 a minti, sannan ya janye na farko a hankali yadda masu rawa ba za su san an sauya ba. Gwanintar ita ce kada a ga ɗinkin. To amma abin da ba a ga farkonsa da ƙarshensa ba, yaya za a tambayi sunansa gobe a shago? Fayafayai da yawa ma farar takarda kawai ake manna musu babu rubutu, masu yin su kuma suna sauya laƙabi kamar riga: Atkins ya fito da sunan Model 500, May ya fito da Rhythim Is Rhythim, Saunderson yana da sunaye barkatai. Ƙungiyar Underground Resistance ta Detroit rufe fuska take yi da gangan, haka Faransawan nan biyu na Daft Punk suka yi shekaru cikin hular kwano irin ta mutum-mutumi. Akwai aƙida a bayan wannan, cewa taron masu rawa shi ne abin kallo, ba wanda ke kan dandamali ba, kuma ina ganin kyawunta. Amma rediyon Amurka minti uku zuwa huɗu yake bayarwa, yana son amshi ya zo da wuri, yana son sunan da mai gabatarwa zai faɗa kafin talla.

Hip-hop ne ya fi nuna gaskiyar wannan magana, domin shi ma kiɗan DJ ne da farko. A bikin da ake ɗauka mafarinsa, wanda aka yi ranar 11 ga Agusta, 1973, a gida mai lamba 1520 kan titin Sedgwick a Bronx, tauraron shi ne DJ Kool Herc, haifaffen Jamaika, wanda ke maimaita gaɓar ganga daga fayafayai biyu don masu rawa. Mai riƙe da makirufo a lokacin ɗan rakiya ne, aikinsa zuga jama'a da yi wa DJ kirari, kusan irin aikin sanƙira a wurinmu. Amma da aka fara naɗar abin a faifai daga 1979, sai sanƙira ya zama sarki. Ko shahararren faifan nan na 1982 mai suna "The Message", wanda ya ɗauki sunan Grandmaster Flash a gaba, shi Flash ɗin ba shi ne ya yi aikin cikinsa ba. Muryar Melle Mel da labarin ƙuncin unguwa su ne suka ɗaga shi. Daga nan hip-hop ya samu abin da haus bai taɓa samu ba, wato mutum mai suna da unguwa da abokan gaba, wanda ke ba da labarin talauci da 'yan sanda da burin arziki, wanda yaro zai haddace baitocinsa ya rera a hanyar makaranta, ya kwaikwayi takalminsa da sarƙarsa. Tashar MTV da aka buɗe a 1981 ta mayar da waƙa abin kallo, kuma ko da yake ta yi jinkirin karɓar baƙaƙen fata, haɗuwar Run-DMC da ƙungiyar rok ta Aerosmith a 1986 da shirin rap na musamman da tashar ta fara a 1988 sun kai hip-hop cikin falon fararen fata na bayan gari. Da aka fara ƙirga cinikin fayafayai kai tsaye daga na'urar shaguna a 1991, sai ga kundin N.W.A a matsayi na ɗaya, masu kamfanoni suka farga da inda kuɗi yake.

Rok kuwa ba ya buƙatar dogon bayani. Ya riga kowa kafa gwamnati: yana da tashoshinsa, da mujallunsa, da manyan filayen da yake cikawa, da tsarin kundi mai waƙoƙi goma ko sha biyu wanda a kansa ribar kamfanoni ta dogara. Yana kuma da hujjar da ido ke gani, domin ɗan kallo yana ganin yatsu a kan jita da gumi a fuskar mawaƙi, shi ya sa har yau ake samun masu cewa mai danna na'ura ba makaɗi ba ne. Duk lokacin da aka ce rok ya tsufa sai ya sake fata, kamar yadda ƙungiyar Nirvana ta sauke Michael Jackson daga saman jerin fayafayan da suka fi sayuwa na mujallar Billboard a Janairun 1992.

Akwai wani labari da ke nuna yadda kasuwar ke ƙishirwar fuska har ta kai ga ƙarya. A wajajen 1990 wasu waƙoƙin rawa masu tushen haus sun yi tashe ƙwarai, ciki har da na ƙungiyoyin Black Box da C+C Music Factory, kuma muryar da ke tsaga su ta wata mawaƙiya ce mai suna Martha Wash. Da aka zo yin bidiyo sai aka ajiye ta saboda tana da jiki, aka ɗauko siraran mata suna motsa baki a kan muryarta, ba a kuma rubuta sunanta yadda ya dace ba, har sai da ta garzaya kotu. Ko a lokacin da kiɗan rawa ya samu baki, sai da aka yi masa aron fuska, kuma irin wannan ya ƙara tabbatar wa masu sukarsa cewa abin roba ne da ake haɗawa a ɗakin naɗa.

Mai karatu zai iya tare ni a nan ya ce, in dai rashin baki ne matsalar, me ya sa kiɗan ya ci kasuwa a Turai? Tambaya ce mai nauyi, kuma ita ce ta sa na ce dalilan biyu ne. A Janairun 1987 wani faifan haus na Steve "Silk" Hurley, ɗan Chicago, ya hau matsayi na ɗaya a Ingila, alhali kalmomin cikinsa ba su wuce 'yan ƙalilan da ake nanatawa ba, kuma a ƙasarsa mafi yawan mutane ba su ma san da shi ba. A 1988 da 1989 matasan Ingila suka yi ta taruwa dubbai a gonaki da tsofaffin ɗakunan ajiyar kaya suna rawa har wayewar gari. A Berlin, jerin gwanon Love Parade ya fara da mutum 150 a 1989, 'yan watanni kafin rushewar katangar da ta raba birnin, kuma kafin ƙarshen shekarun 1990 yana tara fiye da miliyan guda. Makaɗan Detroit da ba a san su a gida ba suka zama manyan baƙi a gidan rawa na Tresor da aka buɗe a 1991. Bambancin shi ne Turai ba ta ƙona disko ba, don haka babu kunyar da za a gada. Ingila ƙaramar ƙasa ce mai tashar BBC guda da ke kai sabon sauti ko'ina a dare ɗaya, ga tashoshin bayan fage da ke watsa shi ba lasisi. Bajamushe ko ɗan Holan kuma ya saba jin waƙoƙin da ba da harshensa aka yi su ba, saboda haka kiɗa marar kalmomi bai rage masa komai ba, hasali ma ya ba shi abin da zai iya yi da kansa ya sayar wa duniya. Uwa uba, matashin Turai ɗan shekara 18 yana da inda zai shiga ya ji kiɗan a yadda aka yi shi don a ji. Gwamnatin Birtaniya ma ta yi yunƙurin murƙushe tarukan fili da dokar 1994, wadda ta kai ga siffanta kiɗan da cewa mai bugu ne da ke maimaituwa, amma abin da dokar ta yi shi ne tura jama'a cikin manyan gidajen rawa masu lasisi irin Ministry of Sound na Landan, inda harkar ta ƙara zama kasuwanci.

A Amurka ƙofar a rufe take. Dokar 1984 ta tilasta wa jihohi mayar da shekarun sayen barasa 21, kuma da yake gidajen rawa da cinikin barasa suke rayuwa, yawancinsu ba sa barin wanda bai kai haka ba ya shiga. Wannan na nufin yaro ɗan shekara 15 zuwa 20, wanda a wannan tsakanin ne mutum ke zaɓar kiɗan da zai bi shi har tsufa, yana iya jin rap a mota, yana iya kafa ƙungiyar rok a garejin gidansu, amma ba shi da halastacciyar hanyar sanin abin da haus yake yi wa jiki idan amon lasifika ya cika ɗaki. Ni kaina ban gane wannan kiɗa ba sai ranar da na ji shi a manyan lasifiku. A ƙaramar waya, gaskiyar dattijon nan ce, kamar injin niƙa yake. Waɗanda suka nemi mafita ta hanyar shirya taruka a ɓoye kuwa sai hukuma ta bi su. A New York an farfaɗo da wata tsohuwar doka ta 1926 da ta hana rawa a wurin da ba shi da lasisi na musamman, magajin gari Rudy Giuliani ya yi amfani da ita sosai a shekarun 1990, ba a soke ta ba sai 2017. Chicago, mahaifar haus, ta kafa doka a shekarar 2000 mai tarar dala dubu goma a kan mai shirya taro da mai gida har da DJ. Sannan a 2003 majalisar tarayya ta zartar da dokar da Sanata Joe Biden ya jagoranta, wadda ta ba da damar kama mai wuri ko mai shirya taro da laifin ƙwayar da wasu suka sha a wurinsa.

Ba zan yi wa harkar ƙwaya kwaskwarima ba. Ƙwayar ekstasi ta yi katutu a waɗannan taruka, yara sun mutu, kuma uban da ya ji tsoro yana da hujja. Mu da muka ga abin da kodin da tiramol suka yi wa unguwanninmu ba ma buƙatar a yi mana wa'azi a kan haka. Abin da nake cewa shi ne rok da hip-hop ma ba su tsira daga wannan annoba ba, tarihinsu cike yake da gawarwakin taurari, amma su suna da rediyo da talabijin da shagon faifai, ko an rufe zaure ɗaya ba a taɓa jijiyarsu ba. Wani ya yi rawa ya samu kuɗi, wani ya yi ya sha duka. Rediyon ma ya ƙara ƙuncewa bayan dokar sadarwa ta 1996, wadda ta cire iyakar tashoshi 40 da kamfani ɗaya zai iya mallaka a faɗin ƙasa, har kamfanin Clear Channel ya tara sama da 1,200. Tashoshin nan a rarrabe suke gida-gida, wannan ta rok ce ta fararen fata, waccan ta rap da R&B ce ta baƙaƙe, kuma kiɗan da baƙaƙe suka ƙirƙira amma ya dawo daga Turai da fuskar Bature bai samu gurbi a ko ɗaya ba.

Sau biyu aka yi shelar cewa lokacinsa ya zo, kuma duka biyun sun ƙara mini ƙarfin gwiwa a kan ra'ayina. A 1997, bayan rok ya ɗan yi sanyi, kamfanoni suka zuba kuɗi a kan ƙungiyoyin Ingila, har kundin The Prodigy ya shiga jerin Billboard a matsayi na ɗaya. Amma wanda ya kalli ƙungiyar zai ga dalili: suna da Keith Flint a gaba da askinsa mai ban tsoro yana ihu a makirufo, suna da jita, suna hawa dandamali kamar 'yan rok. Sauran da ba su da irin wannan fuska ba su kai ko kusa ba, kuma cikin shekara biyu kasuwa ta koma kan Eminem da Britney Spears. Moby, wanda kundinsa na 1999 ya sayu miliyoyi, ta ƙofar tallace-tallace da finafinai ya shiga kunnen mutane, domin kowace waƙa da ke ciki sai da aka sayar da izinin amfani da ita.

Zagaye na biyu ya fi girma. Daga 2009 Bafaranshe David Guetta ya haɗa wa Black Eyed Peas kiɗan da ya yi mako 14 a matsayi na ɗaya, Calvin Harris ɗan Sikotland ya yi mako 10 tare da Rihanna a 2011, Skrillex ya kwashi kyautar Grammy uku a 2012, bikin Electric Daisy Carnival da ya koma Las Vegas a 2011 ya riƙa tara ɗaruruwan dubban mutane. A wannan karon an yi wa DJ fuska, an ɗora shi a kan dandamali mai tsayin bene da wuta da hayaƙi, an mayar da shi abin da magabatansa suka ƙi zama. Har ta kai ga juyin waina, domin a babbar waƙar Avicii ta 2013 sunansa ne kaɗai a gaba, mai muryar, Aloe Blacc, shi ne aka bari a baya. Amma ko a nan murya ce da jita da amshi suka ɗauki waƙar, an kuma datse ta zuwa tsawon da rediyo ke so. Ɗan kasuwa Robert Sillerman ya yi ta sayen bukukuwa a ƙarƙashin kamfanin SFX, ya kai shi kasuwar hannun jari a 2013, a farkon 2016 kamfanin ya durƙushe da bashi. Kusan duk taurarin wannan zamani fararen fata ne, da yawansu Turawa, yayin da mutanen Chicago da Detroit ke ci gaba da hawa jirgi zuwa Berlin da Landan neman abinci. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Knuckles ya rasu a 2014. Abin da birninsa ya yi masa shi ne sanya wa titin da Warehouse take sunansa a 2004, da taimakon wani ɗan majalisar jiha mai suna Barack Obama. Jamus ce ta saka al'adar tekno ta Berlin cikin jerin kayan gadonta na ƙasa a 2024.

Duk da haka ba na cikin masu cewa an yi wa kiɗan fashi ne kawai. Wani ɓangare na abin da ya same shi zaɓinsa ne, domin wanda ya ƙi nuna fuska bai kamata ya yi mamaki ba idan ba a gane shi a kasuwa ba, kuma da yawa cikin masu yinsa sun fi son ƙaramin ɗaki mai mutum ɗari biyu da suka san abin da suka zo ji. Na'urorin kuwa sun ci yaƙinsu tuntuni: amon TR-808 shi ne ƙashin bayan rap na yau, kuma ko a situdiyon Kano da Kaduna, yaro ɗaya da kwamfuta da fiyano ne ke haɗa kiɗan da a da sai an tara makaɗa. Abin da bai samu karɓuwa ba shi ne barin na'urar ta yi magana ita kaɗai. Da Beyoncé ta yi kundin haus a 2022, tana mai jinjina wa waɗanda suka kafa shi, ya hau matsayi na ɗaya, ta kuma karɓi Grammy na rukunin kiɗan rawa. Sautin da aka ce Amurkawa ba sa so ne, sai dai wannan karon da sunan da kowa ya sani. Haka amapiano, wani salon kiɗan rawa na na'ura, ta taso a Afirka ta Kudu da dogayen kiɗa na minti shida ko bakwai, amma da ta iso Legas sai mawaƙa irin su Asake suka gajarce ta suka cika ta da baitoci, sannan ta game Najeriya.

A Yamai akwai wani dattijo, Mamman Sani Abdoulaye, wanda ya samu ƙaramin fiyanon lantarki ƙirar Italiya a shekarun 1970, ya naɗi kaset na kiɗan na'ura zalla a 1978, yana mayar da tsofaffin karin gargajiya cikin sautin lantarki tun kafin a raɗa wa haus suna. Kaset ɗin bai yaɗu ba, amma rediyo da talabijin na Nijar sun yi shekaru suna saka kiɗansa a tsakanin shirye-shirye, yadda mutane da dama suka tashi da sautin a kunnensu suna jiran a fara labarai. Sai a 2013 wani ƙaramin kamfanin Amurka, Sahel Sounds, ya sake fitar da shi a faifai da sunansa da hotonsa a bango, daga nan aka fara gayyatarsa wasa a Turai.